Iyalan Weyerhaeuser

Iyalan Weyerhaeuser zuriya ce ta 'yan kasuwar katako a ƙasar Amurka, wadda asalinta ya fito daga Jamus. Amurkawa suna furta sunan kamar "Werhauza". Kakan gidan, Frederick Weyerhaeuser (1834–1914), ya fara ne a matsayin lebura a wani injin tsaga katako a jihar Illinois. A shekarar 1900 shi da abokan kasuwancinsa suka kafa kamfanin Weyerhaeuser Timber Company a jihar Washinton. Daga shi har zuwa tattaɓa-kunnensa George, wanda ya sauka daga shugabancin gudanarwa a 1991, tsara huɗu na gidan sun riƙe ragamar kamfanin, duk da cewa a tsakani akwai lokutan da 'ya'yan gidajen abokan hulɗarsu suka shugabance shi.

Ana yawan kawo tarihin wannan gida a darussan tattalin arziki da na kula da gandun daji, saboda yadda kowace tsara ta sauya dangantakarta da daji. Tsarar farko ta sare daji ta ƙara gaba, ta uku ta fara noman itace kamar yadda ake noman hatsi, ta huɗu kuma ta miƙa kamfanin ga ƙwararrun manajoji da masu hannun jari.

Asalin gidan

An haifi Frederick Weyerhaeuser ranar 21 ga Nuwamba, 1834, a ƙauyen Nieder-Saulheim, kusa da birnin Mainz a Jamus. Iyayensa manoma ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, don haka karatunsa bai yi nisa ba, ya koma aikin gona. A 1852 ya yi ƙaura zuwa Amurka tare da wasu 'yan uwansa, suka sauka a jihar Pennsylvania, inda ya yi aikin ƙwadago na 'yan shekaru.

A 1856 ya koma Rock Island da ke bakin kogin Mississippi a jihar Illinois, ya samu aiki a injin tsaga katako na kamfanin Mead, Smith and Marsh. Ba da jimawa ba aka ɗora shi kan rumfar sayar da katakon kamfanin a garin Coal Valley. A 1857 ya auri Sarah Elizabeth Bloedel, suka haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu da mata uku.

Karayar tattalin arzikin da ta auka wa Amurka a 1857 ta durƙusar da iyayen gidansa. A 1860 Weyerhaeuser ya haɗa jari da Frederick Denkmann, mijin 'yar uwar matarsa, suka sayi injin da ya tsaya. Denkmann makaniki ne, shi ke kula da injin. Weyerhaeuser kuma shi ke fita neman gumagumai da masu saye. Wannan rabon aiki tsakanin dangi shi ne tubalin farko na kasuwancin gidan.

Zamanin kogin Mississippi

A wancan lokaci Turawa baƙi suna ta kwarara zuwa filayen tsakiyar Amurka, inda ciyawa ta yi yawa amma bishiya ta yi ƙaranci. Kowane sabon gida da rumbu da shinge yana buƙatar katako, kuma katakon yana arewa, a dazukan jihohin Wisconsin da Minnesota, inda bishiyar da Turawa ke kira pine ta cika ko'ina. Ana sare bishiyoyin a lokacin hunturu, a ja gumaguman a kan ƙanƙara zuwa bakin ruwa. Idan ƙanƙara ta narke, sai ruwa ya kwashe su zuwa injinan da ke gangare. Irin wannan hanya ce aka daɗe ana bi a kudancin Najeriya, inda ake koro gumagumai ta koguna zuwa Sapele da Legas.

Weyerhaeuser ya lura cewa mai injin da ba shi da daji yana hannun mai daji. Don haka ya shiga sayen filaye masu bishiyoyi a kwarin kogin Chippewa a Wisconsin. Wata matsalar kuma ita ce gumaguman kamfanoni da yawa suna cakuɗewa a cikin ruwa. A farkon shekarun 1870 masu injinan bakin Mississippi suka haɗu suka kafa Mississippi River Logging Company, a 1872 kuma suka zaɓi Weyerhaeuser ya shugabance shi. Kamfanin ya yi matattara a wani reshen kogi mai suna Beef Slough, inda ake tsare gumagumai, a duba tambarin da ke jikin kowanne, a ɗaure su rukuni-rukuni, sannan jiragen ruwa su tura su zuwa ga masu su.

Masu injinan da ke can saman kogin, a garuruwan Eau Claire da Chippewa Falls, sun yi adawa da wannan tsari, aka daɗe ana jayayya a kotu da bakin ruwa. Ambaliyar 1880 ta kwashe musu gumagumai masu yawa ta kai su matattarar abokan hamayyarsu. Weyerhaeuser bai yi amfani da damar ya karya su ba. An yi sulhu, ɓangarorin biyu suka riƙa sare itace tare suna raba shi gwargwadon jarin kowa. Daga nan sunansa ya kafu a matsayin mai iya haɗa kan 'yan kasuwa. Yawancin kamfanonin da ya shugabanta ba nasa ba ne shi kaɗai, yana da kaso ne a cikinsu tare da wasu gidaje kamar Denkmann, Laird, Norton, Musser da Ingram.

Cinikin 1900

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 dazukan Wisconsin sun fara ƙarewa. A 1891 Weyerhaeuser ya koma birnin St. Paul na jihar Minnesota, inda ya zama maƙwabcin James J. Hill, hamshaƙin ɗan kasuwar jiragen ƙasa. Hill yana da faɗa a ji a kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific, wanda gwamnatin Amurka ta ba shi filaye masu ɗimbin yawa tun 1864 don ya shimfiɗa layin dogo zuwa gaɓar yamma. Kamfanin jirgin yana neman kuɗi, yana kuma neman kayan da taragunsa za su ɗauko idan za su dawo gabas.

Ranar 3 ga Janairu, 1900, aka ƙulla ciniki. Weyerhaeuser da abokan hulɗarsa suka sayi eka 900,000 na daji a jihar Washinton, a kan dala 6 kowace eka, jimilla dala miliyan 5.4. An biya dala miliyan 3 lakadan, ragowar kuma kashi-kashi. Filin ya kai murabba'in kilomita 3,640, wato kusan girman jihar Legas, kuma cinikin yana cikin mafiya girma da aka taɓa yi na fili tsakanin 'yan kasuwa a Amurka. A cikin watan aka kafa Weyerhaeuser Timber Company, aka buɗe ofis a birnin Tacoma, aka naɗa George S. Long babban manaja. Long ba ɗan gidan ba ne, amma shi ya tafiyar da harkokin yau da kullum na kusan shekara talatin.

A shekarun farko kamfanin bai mai da hankali kan tsaga katako ba. Ya ci gaba da sayen daji, yana sayar wa wasu masu injina bishiyoyi. Babbar barazana ga irin wannan dukiya ita ce gobara. Bayan gobarar Yacolt ta watan Satumba 1902, wadda ta cinye dazuka masu faɗi a kudancin Washinton, Long ya shiga gaba wajen kafa ƙungiyar masu daji ta yaƙi da gobara a jihar a 1908.

Frederick Weyerhaeuser ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 1914, a Pasadena ta jihar Kalifoniya. Mutum ne mai gudun 'yan jarida, shi ya sa yawancin Amurkawa ba su san girman dukiyarsa ba sai a ƙarshen rayuwarsa.

Tsara ta biyu: 'ya'ya maza huɗu

Tun yana raye uban ya rarraba 'ya'yansa maza a kamfanoni daban-daban, kowa da yankinsa.

John Philip, babban ɗa, ya gaji mahaifinsa a shugabancin Weyerhaeuser Timber Company daga 1914 zuwa 1928. A zamaninsa aka buɗe babban injin Everett mai aiki da lantarki a 1915.

Charles Augustus ya tafiyar da Pine Tree Lumber Company a garin Little Falls na Minnesota tare da Richard Drew Musser, ɗan abokin kasuwancin mahaifinsa. Shi ne kuma shugaban Potlatch Lumber Company da aka kafa a jihar Idaho a 1903.

Rudolph Michael ya kula da harkokin gidan a garin Cloquet na Minnesota. Ranar 12 ga Oktoba, 1918, gobarar daji ta ƙone garin da ƙauyukan kewaye, mutane sama da 450 suka mutu. Rudolph yana cikin waɗanda suka tsaya aka sake gina garin. Da yake manyan bishiyoyin yankin sun kusa ƙarewa, sai aka karkata ga yin takarda da wasu kayan gini daga ƙananan itatuwa da tarkacen katako.

Frederick Edward, autan gidan, ya zauna a St. Paul yana kula da kuɗi da haɗin kan kamfanonin dangi, sannan ya shugabanci Weyerhaeuser Timber Company daga 1934 har rasuwarsa a 1945.

Wannan tsara ce ta mai da kamfanin daga mai daji zuwa mai masana'antu. A 1929 aka buɗe katafaren inji a Longview, a bakin kogin Columbia. A 1931 aka ƙara masa masana'antar markaɗa itace don yin takarda. A shekarun karayar tattalin arziki na 1930, lokacin da gine-gine suka tsaya katako ya rasa mai saye, wannan masana'anta ce ta riƙa kawo riba.

Tsara ta uku da noman itace

Jigon tsara ta uku shi ne John Philip ƙarami (1899–1956), wanda aka fi sani da Phil. Ya fara aiki a kamfanonin gidan da ke Idaho, ya dawo Tacoma a 1933 a matsayin mataimakin shugaba mai gudanarwa, ya zama shugaba a 1947.

Tambayar da ke gabansa ita ce me za a yi da filin da aka riga aka sare. Al'adar masu katako a lokacin ita ce su bar shi, domin haraji a kan fili yana ci gaba da hawa, sabuwar bishiya kuma tana buƙatar shekara arba'in ko hamsin kafin ta isa sara, ga haɗarin gobara a tsakani. Kamfanoni da yawa sun gwammace su daina biyan haraji hukuma ta ƙwace filin. Amma bayan Washinton babu wani sabon daji a yamma, sai teku. Phil da ƙwararrun gandun daji na kamfanin suka tsaya a kan cewa a riƙe filin a sake raya shi. Daga 1937 kamfanin ya fara yaɗa taken cewa itace ma amfanin gona ne.

Ranar 12 ga Yuni, 1941, aka ƙaddamar da gonar itace ta Clemons kusa da garin Montesano, mai faɗin eka 120,000. Ita ce gonar itace ta farko da aka yi wa rajista a Amurka. An yi mata hanyoyi da hasumiyoyin hangen gobara, aka roƙi mafarauta da masunta su yi hattara da wuta. Daga wannan gona tsarin rajistar gonakin itace ya bazu zuwa sauran jihohi.

Bayan rasuwar Phil a 1956, yayansa Frederick King ya karɓi shugabanci har 1960. A wannan tsakani kamfanin ya fara sayen filaye a kudancin Amurka, ya haɗe da kamfanonin kwali na Kieckhefer da Eddy a 1957, sannan a 1959 ya sauya suna zuwa Weyerhaeuser Company, tunda harkarsa ta wuce katako kaɗai. Norton Clapp, jikan gidan Norton, ya shugabanta daga 1960 zuwa 1966. A 1963 aka fara sayar da hannun jarin kamfanin a kasuwar hannun jari ta New York.

Garkuwa da George a 1935

Ranar 24 ga Mayu, 1935, 'yan kwanaki bayan rasuwar kakansa John Philip, aka sace George, ɗan Phil mai shekara takwas, a hanyarsa ta komawa gida daga makaranta a Tacoma. Masu garkuwar sun nemi kuɗin fansa dala 200,000. An biya, amma hukumar bincike ta FBI ta rubuta lambobin takardun kuɗin kafin a miƙa su. Ranar 1 ga Yuni aka saki yaron kusa da garin Issaquah.

Lambobin kuɗin ne suka tona asirin masu laifin. An kama Margaret Waley a Salt Lake City tana sayayya da kuɗin fansar, daga nan aka kama mijinta Harmon Waley. William Dainard, wanda ya tsara satar, ya shiga hannu a San Francisco a 1936. An yanke wa Dainard ɗaurin shekara 60, Harmon shekara 45, Margaret shekara 20. Harmon Waley ya riƙa rubuta wa George wasiƙun neman gafara daga kurkuku, kuma bayan an sake shi a 1963 George ya sama masa aiki a ɗaya daga masana'antun kamfanin a jihar Oregon.

Tsara ta huɗu

George H. Weyerhaeuser (1926–2022) ya yi karatu a jami'ar Yale, ya fara aiki daga ƙasa a dazuka da injinan kamfanin, ya zama shugaba a 1966. A 1967 ya ƙaddamar da shirin noman itace mai yawan amfani: a dasa sabon iri cikin ɗan lokaci bayan sara, a zaɓi iri mai saurin girma, a sa taki, a rage cinkoso don sauran su yi kauri. A 1969 kamfanin ya sayi Dierks Forests, wanda shi ma kasuwancin wani gida ne, da filayensa kimanin eka miliyan 1.8 a jihohin Arkansas da Oklahoma. A 1971 aka mai da hedikwata zuwa Federal Way.

A zamaninsa fitar da gumagumai zuwa Japan ya zama babbar hanyar samun kuɗi. Kamfanin ya kuma shiga sare itace a tsibirin Borneo na Indonesiya a shekarun 1970, ya janye a farkon shekarun 1980. Ya faɗa harkokin da ba na daji ba, kamar gina gidaje, ba da lamunin gida da yin ƙunzugun jarirai. Yawancin waɗannan an sayar da su daga baya.

Ranar 18 ga Mayu, 1980, dutsen St. Helens ya yi aman wuta, ya lalata eka 68,000 na dajin kamfanin. Mutum 57 ne suka mutu a yankin, kuma da ba ranar Lahadi ba ce, da ma'aikatan sara da yawa suna cikin dajin. Kamfanin ya kwashe abin da za a iya ceto na faɗaɗɗun bishiyoyi, ya dasa sababbi sama da miliyan 18 da hannu a cikin 'yan shekaru.

A 1986 ma'aikatan kamfanin a Washinton da Oregon suka yi yajin aiki na kusan mako shida saboda rage albashi, kuma a ƙarshe ragin ya tabbata. A 1991 George ya miƙa shugabancin gudanarwa ga John W. Creighton, ya ci gaba da shugabantar hukumar daraktoci har 1999. Ya rasu a watan Yuni 2022 yana da shekara 95.

Kamfanin bayan hannun gidan

Tun daga 1991 babu wani ɗan gidan da ya sake zama shugaban gudanarwa. Kamfanin ya sayi MacMillan Bloedel na Kanada a 1999 da Willamette Industries a 2002. Daga nan ya juya akala: ya rabu da sashen farar takarda a 2007, ya sayar da na kwali ga International Paper a 2008 a kan dala biliyan 6, sannan a 2010 ya koma tsarin asusun zuba jari a kan filaye, wanda dokar Amurka ta sassauta wa haraji bisa sharaɗin raba mafi yawan riba ga masu hannun jari. A 2016 ya haɗe da Plum Creek Timber, ya mai da hedikwatarsa Seattle.

A yau kamfanin yana da daji sama da eka miliyan 10 a Amurka, wato ninki biyu na faɗin jihar Kano, yana kuma sarrafa wasu dazukan gwamnati a Kanada bisa lasisi. Mafi yawan hannun jarinsa yana hannun manyan cibiyoyin zuba jari. Ta wata fuska ya koma inda ya fara a 1900, domin babbar kadararsa ita ce fili da bishiyoyin da ke kansa.

Suka da muhawara

An soki gidan da kamfanin ta fuskoki da dama. Tsarar farko tana cikin waɗanda suka share dazukan pine na Wisconsin da Minnesota, suka bar kututture da busassun rassa da suka riƙa haddasa gobara. Filayen da aka yi cinikinsu kuwa asalinsu na ƙabilun da Turawa suka tarar ne, irin su Ojibwe a yankin manyan tafkuna, waɗanda gwamnati ta karɓe wa ƙasa ta hanyar yarjeniyoyin da ba a yi musu adalci ba.

A 1913 wani rahoton gwamnatin tarayya a kan masana'antar katako ya nuna cewa kamfanoni uku, wato Southern Pacific, Northern Pacific da Weyerhaeuser, sun tattara wani babban kaso na dazukan da ke hannun 'yan kasuwa, abin da ya tayar da muhawara a kan babakere.

Masu rajin kare muhalli suna cewa gonar itace ba daji ba ce. Inda aka sare bishiyoyi masu ɗaruruwan shekaru aka dasa iri ɗaya a layi, tsuntsaye da dabbobin da suka dogara da tsohon daji ba sa dawowa. Suna kuma sukar sare gangaren tsauni gaba ɗaya. Bayan ruwan sama mai ƙarfi na watan Disamba 2007, ƙasa ta zaftare a wurare da yawa a kwarin kogin Chehalis, ciki har da filayen kamfanin da aka share, lamarin da ya sa aka sake duba ƙa'idojin sara a kan gangare. Kamfanin yana kare kansa da cewa yana dasa miliyoyin bishiyoyi duk shekara, kuma samar da katako daga gona yana rage matsin lamba a kan sauran dazuka.

Abin da masana ke koya daga tarihin gidan

Masu nazarin kasuwancin iyali suna nuna dalilai da dama da suka sa wannan gida ya wuce tsara ta uku, inda irinsa da yawa ke wargajewa. Ba a yanka filin an raba wa magada ba, an bar shi a dunƙule a cikin kamfani, magada suna gadon hannun jari. An horar da 'ya'ya a ƙananan kamfanoni kafin a ba su babba. An yarda da ƙwararrun da ba 'yan gida ba tun daga George S. Long. Haɗin gwiwa da sauran gidaje ya sa koyaushe akwai masu bin diddigin yadda ake kashe kuɗi. Yanayin sana'ar ma ya taimaka, domin bishiyar da mutum ya dasa ɗansa ko jikansa ne zai sare ta.

Sunan gidan ya wanzu a wasu cibiyoyi. Frederick King yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar adana tarihin gandun daji a 1946, wadda a yau ake kira Forest History Society. A Little Falls akwai gidan tarihi mai ɗauke da sunan Charles A. Weyerhaeuser, gidajen da shi da Musser suka zauna a bakin Mississippi kuma suna nan har yanzu ana ziyartarsu.